Yadda Ake Shirya Gajeren Fim Kan Ciwon Damuwa a Cikin Gida

A fina-finanmu, da an ce mutum na da larurar ƙwaƙwalwa sai a yayyaga masa riga, a shafa masa toka, a tura shi bola. Alhali galibin masu fama suna cikin gida, suna tuƙa tuwo, suna amsa gaisuwa da "lafiya lau". In su kake son nunawa cikin minti 10 a nan Jos, ga hanya.

Da farko ka ɗauki alaƙa ɗaya da ciwo ɗaya. A ce mai jego da mijinta. Kada ka cusa kishiya da rikicin gado, wurin ba zai ɗauka ba. Shafi ɗaya na rubutu yakan ci kusan minti ɗaya, don haka shafi 10 ya ishe ka.

Na biyu, kafin ka zauna rubutu, nemi likita ko nas a sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. A can za ka ji cewa kuka da ƙuncin kwanakin farko bayan haihuwa sukan wuce cikin mako biyu, in sun zarce to abin ya zama ciwo mai neman magani. Ka kuma cire kalmar "mahaukaciya" daga bakin likitan fim ɗinka. Ko gwamnati ta ajiye tsohuwar dokar 1958 da ke kiran masu larurar mahaukata, an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023.

Na uku, kuma nan aikin yake: kada kowa ya yi wa'azi. Nuna kofin kunun kanwa da ya huce har ya yi fata, jariri na tsala kuka, mai jegon kuwa ta zuba wa bango ido. Uwar miji ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, ki gode wa Allah mana, wasu nema suke ido rufe." Shi kuma ya tsaya bakin ƙofa da ledar balangu, ya ce, "Umma, ko a kira Malam?" Ba mugu ko ɗaya a ɗakin, duk sonta suke, sun dai rasa gane abin. Ni ban ga dalilin haɗa malam da likita faɗa ba, a gidajenmu tofi da ƙwayar magani sukan kwana kan teburi ɗaya. In labarin ya kai ga yunƙurin kashe kai, kada ka nuna yadda aka yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana gargaɗi cewa ana kwaikwaya.

Na huɗu, ma'aikata. Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, tana da makarantar koyon fim a Jos, ga kuma kwalejin talabijin ta NTA a Rayfield. Ɗalibansu na neman inda za su gwada hannu. Waya mai kyau za ta ɗauki hoto, amma sauti sai makirufo. Mun taɓa ɗauka a Gangare, daidai inda matar ke raɗa wa mijinta "na gaji" injin niƙan maƙwabta ya tashi, wuni guda ya tafi a banza. Je ka zauna a gidan kwana ɗaya kafin ɗauka, ka san lokacin niƙa, na janareto da na tashin 'yan Islamiyya.

Wajen haɗa hoto, rage kiɗan tausayi, bar shirun ya yi aiki. Sannan nuna wa wadda ta taɓa shiga halin, in ta yarda, ka gyara inda ta ce ba haka ba ne.

In a bainar jama'a za ka haska, bi ta hukumar tace fina-finai ta ƙasa tukuna. Ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, ta dace da saki, za ka kuma iya kai shi bikin fina-finai na Zuma a Abuja. A allon ƙarshe, kafin sunayen 'yan wasa, rubuta asibitin da mai kallo zai je, ka bar rubutun ya daɗe yadda za a iya kwafa.