Darasi na 9: Ciwon ƙirji bayan an zura kyamara ta baki

Hanyar abinci bututu ne mai laushi da ya tashi daga maƙogwaro ya sauka ciki. A jikin babba tsawonsa kamar santimita 25 ne, wato taƙi ɗaya da ɗan ƙari.

Likita kan zura siririn bututu mai kyamara ta baki don ya duba gyambon ciki, ko ya ciro kwabo ko haƙorin roba da aka haɗiye. Haka kuma yakan buɗa hanyar idan ta tsuke, kamar yadda take yi wa yaron da ya sha sodar yin sabulu. Yawanci lafiya ake gamawa a koma gida. Amma jefi-jefi kayan aikin kan huda bangon hanyar, musamman wajen buɗa wurin da ya tsuke.

Idan ta huje, yawu da abinci da ruwan ciki sai su riƙa zuba cikin ƙirji, kusa da zuciya da huhu. Nan da nan ƙwayoyin cuta su bazu.

Ɗan zafin maƙogwaro na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Abin tsoro shi ne ciwo mai tsanani a ƙirji, ko wuya, ko tsakanin kafaɗu, ga zazzaɓi, ga numfashi sama-sama, ko yawu ya gagara haɗiyewa. Akwai wata alama da ta fi sauƙin ganewa a gida. Taɓa wuyan majinyacin da yatsa. Idan ya kumbura, kuma ka ji ƙaras-ƙaras kamar kana murza leda, iska ce ta fita ta shiga ƙarƙashin fata.

A nan ne muke yawan kuskure. Sai uwargida ta ce, "Malam, ga kunu da ɗumi, ka sha ya warware maka." Kada a ba shi komai, ko kurɓin ruwa, balle jiƙo. Duk abin da ya haɗiye ta hujin zai bi. A koma asibiti ko da tsakar dare ne, a gaya musu aikin da aka yi da lokacin da aka yi shi. Wanda aka fara yi wa magani cikin awa 24 na farko ya fi samun sauƙi nesa ba kusa ba.

A asibiti za a ɗauki hoton ƙirji. Za a iya ba shi wani ruwa na musamman ya haɗiya, hoton ya nuna inda yake yoyo, ko a sa shi a na'urar CT mai ɗaukar hoton cikin jiki dalla-dalla. Sai ƙarin ruwa da maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya. Ƙaramin huji kan rufe da haka, ko a ɗinke shi da ɗan maƙali ta cikin kyamarar, ko a sa wani bututu ya toshe wurin daga ciki. Babba kuwa sai tiyata, a wanke ƙirji a sa robar fitar da mugunya. Kafin ya warke ta wata robar abinci ko ta jijiya ake ciyar da majinyacin.

Aikin gida: rubuta alamomi uku da za su sa a koma asibiti, ka karanta wa mutanen gidanku.