Rawar ɓarin fuska: inda ake yin kuskure wajen zaɓen magani

A ƙauyukanmu idan ido ya yi rawa, cewa ake za a yi baƙo. Yawanci kuwa gajiya ce ko rashin barci, kwana kaɗan ta wuce. Kuskuren farko shi ne saka kowace rawa a wannan sahu. Akwai wadda ke farawa daga fatar ido ɗaya, ta yi watanni, ta gangaro kumatu, ta riƙa fizgar gefen baki har idon ya rufe da kansa, ko barci mutum yake ba ta fasawa. Ita likitoci ke kira hemifacial spasm. Ta fi kama waɗanda suka haura shekara 40, musamman mata. Galibi jijiyar jini ce ke kwantawa kan jijiyar da ke motsa fuska, daidai inda take fitowa daga gindin ƙwaƙwalwa, tana dukanta da kowane bugun zuciya.

Tunda matsalar tana can cikin kai, bayan kunne, tsagar wanzami a gefen ido da ƙaho ba sa kai wa gare ta. Tabo kawai ake ƙara wa mai ita. Addu'a kam ba a raba mu da ita, amma ba ta hana shiga motar Kano. Kuma kada a haɗa wannan da fuskar da ta karkace farat ɗaya, hannu ya mutu, harshe ya yi nauyi. Wancan shanyewar ɓarin jiki ne, asibiti ake kai shi nan take.

Kuskure na biyu shi ne fara sayen magani kafin a san cutar. Mai kemis zai ba da carbamazepine ko clonazepam, domin ya ji ana ba masu farfaɗiya. Likitoci ma kan gwada su, sai dai amfaninsu a nan kaɗan ne, ga jiri da yawan barci. Carbamazepine kan jawo wa wasu ƙuraje masu saɓule fata, tana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa, kuma tana da haɗari ga mai ciki. Hanyar ita ce a karɓi takardar turawa daga babban asibitin yanki, ko daga asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko asibitin tarayya na Birnin Kudu, zuwa wajen likitan jijiyoyi kamar na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Zai nemi hoton cikin kai da ake kira MRI, domin jifa-jifa ƙari ne ke danne jijiyar. Kafin tafiya a ɗauki bidiyon fuskar da waya, domin rawar tana iya lafawa daidai lokacin da aka zauna gaban likita.

Inda na fi ganin an rikice shi ne allurar botulinum, wadda aka fi sani da Botox. Ana yin ta a naman da ke kewaye da ido da kumatu, ta fara aiki bayan 'yan kwanaki, kuma mafi yawan mutane suna samun sauƙi sosai. Amma ƙarfinta wata 3 zuwa 4 ne. Rawar na dawowa sai maigida ya ce, “Ai na faɗa, cin kuɗinmu kawai suka yi.” Ba cuta aka yi ba, haka allurar take, naman take sanyayawa, jijiyar jinin kuwa tana nan inda take. Don haka lissafin allura ɗaya ba lissafi ba ne. A lissafa uku ko huɗu a shekara, da kuɗin mota daga Ringim ko Rano, da na ɗan rakiya, da ranakun da za a bar gona a tsakiyar damina. A kuma tambaya ko akwai allurar a ƙasa kafin a taso, don maganin firji ne, ba kowane wuri ake ajiye shi ba. Idan fatar ido ta ɗan sauko ko baki ya yi sanyi bayan allurar, cikin makonni yake warwarewa.

Tiyata ce kaɗai ke taɓa tushen cutar. Ana buɗe ƙaramar kafa a ƙashin bayan kunne, a ɗaga jijiyar jinin, a sa ɗan ƙyallen Teflon tsakaninta da jijiyar fuska. Likitan Amurka Peter Jannetta ne ya shahara da aikin, kuma a hannun ƙwararru fiye da 8 cikin 10 suna rabuwa da rawar. Wasu da jin “aikin kai” sai su tsere, wasu kuma su sayar da gona ba su tambayi komai ba. Jijiyar ji maƙwabciyar ta fuska ce, ana iya rasa jin kunnen wannan gefen, ko fuskar ta yi rauni. Ba rashin kunya ba ne a ce, “Likita, sau nawa ka yi irin wannan aikin, kuma yaya suka ƙare?”

A ganina mai shekara 40 da lafiyarsa, wanda ido ke rufe masa a kan babur, ya dace ya duba tiyata da gaske, domin shekarun allura a gabansa suna da yawa. Dattijuwa mai hawan jini da ciwon suga kuwa allura ta fi mata sauƙin haɗari. Wadda rawar ba ta hana ta aiki ko shiga mutane, bayan hoto ya nuna babu ƙari, tana iya barinta haka, ta koma asibiti idan ta ƙaru ko kunne ya fara nauyi.