Yadda Ake Yi wa Furen Kabewa Barbara da Hannu

Masu shuka kabewa a Zariya da kewayenta, waɗanda ke saka ta a gefen gonar masara da damina da kuma masu lambu a bakin kogunan Kubanni da Galma, sukan koka cewa yaɗo ya yi kyau, fure ya cika, amma 'ya'yan sai su yi ɗorawa su kaɗe tun suna ƙanana. Akan ɗora laifin a kan taki ko tsutsa, alhali sau da yawa garin furen namiji ne bai isa ga furen mace ba, kuma wannan gyara ne da manomi zai iya yi da hannunsa ba tare da kashe ko kwabo ba.

Dole a fara da bambance furannin biyu. Kuɓewa da tumatir suna ɗauke da sashen namiji da na mace a cikin fure guda, ita kuwa kabewa ta raba su, duk da cewa a jikin yaɗo ɗaya suke fitowa. Namijin yana tsaye a kan siririn kara mai tsawo, a tsakiyarsa akwai tsinke guda mai ɗauke da gari rawaya. Macen gajeren kara gare ta, kuma a gindinta akwai ɗan dunƙule, wanda shi ne kabewar da ake jira, cike da ƙwayoyin da za su zama iri. Idan aka leƙa cikinta za a ga kai mai danƙo, wanda yawanci ya rabu gida uku. Mazan ne ke fara fitowa da kwanaki, saboda haka zubewar furannin farko ba abin damuwa ba ne.

Garin kabewa yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa kamar yadda take ɗaukar na masara, ƙudan zuma ne ke jigilarsa. Ranar da aka wayi gari da ruwa, wanda ba baƙon abu ba ne a Zariya cikin watan Agusta, ko aka yi feshin maganin ƙwari da safe, zuma ba ta zuwa, ga shi kuma kowane fure safiya ɗaya kacal yake buɗewa. Don haka a shiga gona da sassafe, kafin hantsi ya dubi ludayi.

A tsinko namijin da ya buɗe a wannan safiyar, a shafa tsinkensa da yatsa, idan gari ya manne to ya nuna. Sai a yage ganyen furen a bar tsinken tsirara, a goga shi a hankali a kan macen har kowane ɓangare na ukun ya samu rabonsa. A nan ne akasari ake yin sakaci. Kowace ƙwayar gari tana fitar da siririyar jijiya da ke gangarawa har cikin dunƙulen, ta haɗu da ƙwayar iri guda ɗaya tak, kuma kabewa ɗaya tana da iri ɗaruruwa. Ɓangaren da bai samu isasshen gari ba ba ya cika, shi ya sa ake ganin kabewa mai karkataccen ciki. A ganina gara a kashe maza biyu a kan mace ɗaya da a yi tsumulmula, tunda mazan sun fi yawa nesa ba kusa ba. Cikin 'yan kwanaki, idan ya kama, furen zai bushe, dunƙulen kuma ya ci gaba da kumbura yana kore shar.

Dabarar tana aiki a kan kankana da kokwamba, sai dai furanninsu ƙanana ne. Na duma fari ne kuma da yamma yake buɗewa, don haka da magariba ake yi masa.

Wanda ke son ajiye irin wata kabewa mai daɗin taushe ba tare da ya gauraya da na maƙwabta ba, sai ya ƙara mataki ɗaya. Tun da yamma ya nemi mace da namijin da bakinsu ya fara rawaya, alamar gobe za su buɗe, ya ɗaure bakin kowanne da zare don kada zuma ta riga shi. Da safe ya kwance, ya yi barbarar, ya sake ɗaure bakin macen, sannan ya ɗaura ƙyalle a karan macen domin ya gane ta ranar girbi. A bar wannan kabewar ta ƙosa sosai a jikin yaɗo har karanta ya bushe, kafin a fasa ta a wanke irin a shanya shi a inuwa.