Masu ɗaukar hoton tsuntsu a sama, ku rage haske

'Yan uwa, in za ku ɗauki balbela tana tashi cikin ranar nan tamu ta Damagaram, ku rage hasken kyamara zuwa -1 tun kafin ku danna. Saurin ƙiftawar kyamara 1/2000 na daƙiƙa, kuma ku ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da ke riƙe cikakkun bayanai don gyara.

Farin da rana ta ƙone a hoto ba ya dawowa. Duk gyaran da ka yi a Lightroom, manhajar gyaran hoto, fiffiken zai tsaya fari fat kamar takarda. Amma wurin da ya yi duhu, bayanansa suna nan ɓoye. Ka ɗaga inuwa a hankali, wato ka ƙara wa wurin duhun haske lokacin gyara, sai ka ga gashin ƙarƙashin fiffike ya fito ɗaya bayan ɗaya.

Na gwada da hankaka a duwatsun Birni, wajen sha biyun rana. Farin ƙirjinsa da baƙin bayansa duk sun fito, abin ya faranta mini rai sosai.

Shirwa kam, a'a. In tana shawagi, sama na haske a bayanta, ƙara haske za ka yi, in ba haka ba inuwarta kawai za ka samu. In kuma ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya hau da yawa, ɗaga inuwa tsaki-tsaki yake kawowa.