Yadda ake kai windo daga wannan deskitof zuwa wancan a kwamfuta

Idan ka saba buɗe deskitof biyu ko uku a kwamfutarka, wato filayen aiki daban-daban da kake sauyawa a kan allo ɗaya, ɗaya na aiki ɗaya na kallo da hira, to tabbas za ka riƙa samun windo ta buɗe a inda ba nan ka so ba. Kana deskitof na aiki sai ka danna wani link, burauza ta fito maka nan tsakiyar Word da Excel. Ba sai ka rufe ta ka koma can ka sake buɗewa ba, ɗaukarta kawai ake yi a kai.

Bari mu fara da Windows tunda shi ne ya fi yawa a hannun mutane. Tun 2015 da Windows 10 ya fito aka sa wannan abu, suna ce masa Task View, kuma yana nan a Windows 11.

Da farko danna maɓallin Windows da Tab a tare, ko ka danna alamar Task View da ke kan taskba. Duk windo ɗin da ke buɗe za su fito ƙanana-ƙanana, sannan ga jerin deskitof ɗinka, a Windows 10 suna sama a Windows 11 kuma suna ƙasa. Idan ɗaya kawai kake da shi sai ka danna New desktop, ko ka danna Windows da Ctrl da D ya ƙara maka wani nan take. Sai ka kai linzami kan windo ɗin da kake son ɗauka, ka danna ka riƙe, ka ja ta har kan deskitof ɗin da kake so ka saki. Shi ke nan ta koma.

Inda mutane ke rikicewa shi ne idan windo ɗin ba ta cikin deskitof ɗin da suke kai. Ba sai ka fita ba, kai linzami kawai kan wancan deskitof ɗin kar ka danna, ka ɗan tsaya, zai nuno maka duk abin da ke cikinsa sai ka ɗauko daga nan ka jawo.

Ni dai na fi son hanya ta biyu musamman a laftof, don ja da tochfad wahala ce, yatsa na zamewa windo ta faɗi a inda ba a so. Kana cikin Task View ɗin sai ka danna ɓangaren dama na linzami a kan windo ɗin, ka zaɓi Move to, ka zaɓi Desktop 2 ko wanda kake so, akwai ma New desktop a wurin idan sabo kake son buɗe mata. A cikin wannan menu ɗin akwai wasu layuka biyu masu amfani sosai da ba kowa ke kula da su ba. Show this window on all desktops zai sa windo ɗin nan guda ɗaya ta riƙa bin ka duk inda ka je, shi kuma Show windows from this app on all desktops duk windo ɗin wannan manhajar ne za su bi ka. Ga abin jin waƙa ko kalkuleta ko manhajar chat wannan ya fi maka a kan kullum ka yi ta jan su gaba da baya.

To maganar shotkot fa? Gaskiya Windows bai zo da maɓallin da za ka danna sau ɗaya windo ta tsallaka wani deskitof ba, abin takaici ne amma haka yake. Za ka ji wasu suna cewa Windows da Shift da kibiyar hagu ko dama, wannan na kai windo daga wani monita zuwa wani ne idan kana da allo biyu, ba ruwansa da deskitof. Shi kuma Windows da Ctrl da kibiya kai kaɗai yake kaiwa, windo na nan inda ka bar ta. Idan dole da kibod kake so, danna Windows da Tab, bi da kibiya har kan windo ɗin, danna Shift da F10 menu ya fito, ka sauka kan Move to ka danna Enter. Da ɗan tsawo amma yana yi.

Wani abu kuma, kar ka ji tsoron rufe deskitof. Idan ka danna Windows da Ctrl da F4 deskitof ɗin ne ke tafiya, windo ɗin da ke ciki ba sa rufuwa, suna komawa na kusa da shi ne, don haka ko takardar da ba ka yi sebin ba tana nan lafiya.

A Mac abin ya fi daɗi. Danna Control da kibiyar sama Mission Control, wato Task View ɗin Mac, ya buɗe, ka ja windo zuwa layin da ke can sama ka saka ta a kan deskitof ɗin da kake so, akwai alamar ƙari a gefen dama idan sabo kake buƙata, har 16 ake iya buɗewa. Ko kuma ba sai ka buɗe komai ba, kama windo ta samanta ka ja ta har bakin allo ka riƙe kaɗan, za ta tsallaka da kai gaba ɗaya. Idan kana son wata manhaja kullum ta buɗe a wuri ɗaya, danna dama a kan alamarta a Dock, wato layin alamomin manhajoji da ke ƙasan allo, shiga Options, ƙarƙashin Assign To ka zaɓi This Desktop ko All Desktops.

Masu Linux kuwa tun tuni suke da abin nan kafin Microsoft ta waiwaye shi. A Ubuntu da sauran nau'o'in Linux masu amfani da tsarin fuskar allo na GNOME, workspace ake ce wa deskitof ɗin, kuma su suna da shotkot ɗin da Windows ya rasa, Super da Shift da Page Up ko Page Down, windo ɗin da kake kai za ta tafi kai ma ka bi ta. Super ɗin nan ba wani sabon maɓalli ba ne, shi ne dai mai tambarin Windows da ke kusa da Alt a yawancin kibod.