Yadda Ake Mayar da Kayan Gwanjo Ɗinkin Gida

Turmin atamfa yadi 6 ne, kuma a farashin da yake a Kantin Kwari yanzu, uwa mai 'ya'ya biyar a ƙauye sai ta yi dogon lissafi kafin ta ce kowa zai samu ɗinki, ga kuɗin tela yana jiranta a gefe. Shi ya sa gwanjo ya zama rufin asirin gidaje da yawa. Inda muke yin asara shi ne muna sayensa don a saka yadda ya zo, alhali ba don jikinmu ko shigarmu aka ɗinka shi ba. Siket ya tsaya a gwiwa, riga ba hannu, wando sai an naɗe shi sau uku. Wadda ke da keke a ɗaki, ko allura da zare da haƙuri, gara ta riƙa kallon gwanjo a matsayin yadi, yadin da kamfani ya riga ya yi wa maɓalli da kalmasa kyauta. Da wannan idon za ki saya, da shi za ki yanka.

Mataki na farko: zaɓen kaya

Cibiyar gwanjo a Kano ita ce Kasuwar Ƙofar Wambai. Can ake fasa dila, daga can ƙananan 'yan kasuwa ke saro kaya su bi kasuwannin mako, Wudil ran Juma'a, Gujungu ran Lahadi, Maigatari ran Alhamis. Kayan da aka fara tsinta ranar fasa dila su ne masu tsada, kuma ba su kike nema ba. Naki yana ƙasan tari: ƙatuwar rigar maza da ta yi wa kowa yawa, doguwar rigar wata ƙatuwar Baturiya, zanin gado, labule. Mai kaya ya gaji da ɗaukarsu daga kasuwa zuwa kasuwa, zai sakar miki da sauƙi, ke kuwa girman nan shi ne ribarki.

In ba kya fita kasuwa, maigida za ki aika ko dillaliya ce ke kawo miki gida, ki faɗa musu abu uku: mafi girma, na auduga, kuma a ɗaga shi a rana a duba. Wurin da ya sha jiki haske ke ratsa shi, tun ba a tsakiyar zanin gado da gwiwar wando da gwiwar hannun riga ba. A duba hammata da wuyan riga, a ja ɗinki kaɗan a ga ko yadin yana buɗewa. Tabo ɗaya a gefe ba komai, almakashi zai kauce masa. Amma yadin da ya mutu, ya mutu, ko wane irin fure ne a jikinsa.

Ga yadda ake gane auduga idan kaya sun zo hannunki. Zaro zare biyu ko uku daga cikin kalmasa ki kai bakin ashana. Auduga tana ci da wuta nan take, ta yi ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa a yatsa. Yadin roba kuwa narkewa yake, ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Irin wannan kada ki yi wa ƙaramin yaro riga da shi. Zafin bazara a Gumel ko Haɗeja ba ya son roba a jiki, ƙuraje ne za su feso, sannan yaron da ke rarrafe kusa da murhu, in tartsatsi ya faɗa wa roba mannewa take a fata.

Wani abu da ake mantawa: rigunan da ke da rubutun Turanci a ƙirji. Ki ba ɗan makaranta ya karanta miki kafin ki saka wa ɗanki. Wasu tallar giya ce, wasu zagi ne ko batsa, yaro ya shiga Islamiyya da ita ba wanda ya sani.

Mataki na biyu: wanki da guga

Kada almakashi ya taɓa kayan da ba a wanke ba. Jiƙa su a ruwan zafi da omo, farare daban, masu launi daban, don a nan za ki ga wanda ke zuba. Ki wanke, ki ɗauraye sosai, in warin gwanjon bai fita ba ki maimaita, ki shanya a rana mai ƙarfi. Suwaita ce kawai ba ta son ruwan zafi, in ta ulu ce tsukewa za ta yi, ita ruwan sanyi da rana sun ishe ta. Bayan sun bushe ki goge da dutsen guga, ki bi cikin ɗinki da kalmasa, nan ne ƙwan kwarkwata ke ɓuya in akwai. Guga ba don ado ba ne kawai: yadin da ya yamutse in kika yanka shi haka, bayan an goge sai ki ga ɓangare ɗaya ya fi ɗaya.

Mataki na uku: rigar maza ta koma rigar yarinya

A ganina da wannan ya kamata mai koyo ta fara, domin aiki mafi wahala, wato ramin maɓalli, an riga an yi miki. Babbar rigar maza mai maɓalli a gaba da dogon hannu tana fitar da riga ɗaya ta yarinya 'yar shekara 4 zuwa 6, har da ɗan abin ɗaure ƙugu.

Kayan aiki: almakashi mai kaifi, reza, tef, allurai na kama yadi, zare mai launin rigar, da alli. In babu alli, guntun sabulun da ya ƙare ya bushe yana zana layi siriri, kuma yana fita a wanki.

Saka duk maɓallan rigar, ki shimfiɗa ta a tabarma ko tebur. Yanke hannayen biyu daidai kan ɗinkinsu ki ajiye. Yanke kwalar. In akwai aljihu a ƙirji, farke shi da reza a hankali, ki sa bakin rezar yana kallon aljihun, kada ya kalli jikin rigar. Wani lokaci za ki tarar wurin da aljihun ya rufe ya fi sauran duhu saboda bai koɗe ba. In haka ne, ki san yadda za ki mayar da aljihun wurin, ko ki rufe da ƙyallen atamfa.

Yanzu ɗauko rigar yarinyar da ta yi mata daidai, ita ce awonki. Tura hannayenta ciki, ki ɗora ta a kan babbar rigar, tsakiyarta a kan layin maɓalli, ƙasanta wajen kalmasar babbar. Kalmasar nan ta kamfani kada ki taɓa ta, ta fi duk wadda za ki yi kyau. Abu biyu za ki lura da su kafin ki zana. Na ɗaya, bayan rigar maza yana da wani yanki mai ruɓi biyu a kafaɗa, awonki ya tsaya ƙasa da shi. Na biyu, ki matsa awon sama ko ƙasa har maɓallin farko ya zauna kamar inci ɗaya ƙasa da inda wuya zai tsaya. In layin wuya ya faɗa kan maɓalli, allurar keke za ta karye, in kuma maɓallin ya yi nisa wuyan zai riƙa hangame.

Zana kewaye, ki bar rabin inci na ɗinki a ko'ina. Daga hammata ki buɗa layin yana faɗaɗa har ƙasa, ki cinye duk faɗin babbar rigar, don yarinya ta samu wurin gudu da zama. Kama gaba da baya da allurai, ki yanka su tare. Sannan ki zaɓi inda maɓalli zai zauna. In kin bar shi a gaba, yarinya za ta iya saka kayanta da kanta. In kin mai da shi baya, ba mai cewa rigar maza ce, sai a ɗauka daga shagon tela ta fito. Duk wanda kika zaɓa, ɓangaren da zai zama gaba ki ƙara zurfafa wuyansa da kamar inci ɗaya da rabi.

Hannu daga hannun babbar rigar zai fito. Farke ɗinkinsa ki baje, ki yanka ƙananan hannaye biyu daga saman, tsawonsu yana bin tsawon hannun asali. Wannan doka ce a duk yankan gwanjo: bi yadda aka yanka kayan tun farko, tsaye ya zama tsaye. In kika karkata don ki tsimi yadi, riga za ta murɗe bayan wanki biyu. Wuri ɗaya ake so a yanka a karkace, shi ne siririn ƙyallen da za ki kama bakin wuya da shi. Yanka shi daga ragowar hannun, faɗin inci ɗaya da rabi, a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa. Yankan karkace yana miƙewa, shi ya sa yake bin zagayen wuya ya kwanta lumui ba tattara.

Ɗinkin kuma ga jerinsa. Fara haɗa kafaɗu. Buɗe maɓallan, ki kama wuya: ɗora ƙyallen a fuskar rigar ki bi zagayen, ki ɗan tsattsaga bakin da almakashi ba tare da kin kai zaren ba, ki juya shi ciki, ki kalmashe, ki sake bi. Sannan ki baje rigar ki haɗa hannu tun ba a rufe gefe ba, tsakiyar hannun a kan ɗinkin kafaɗa. Daga nan ɗinki ɗaya ne daga bakin hannu, ya bi ta hammata, ya sauka har ƙasa. Kafin ki taka gefen da keke, ki yi masa manyan taku da allurar hannu ki kira yarinyar ta saka, ta ɗaga hannu, ta tsuguna. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma farke ɗinkin hannu ya fi farke na keke sauƙi nesa ba kusa ba.

Kekunan da ke gidajenmu, irin su Butterfly da Singer na ƙafa, miƙaƙƙen ɗinki kawai suke yi, ba sa kama bakin yadi. Don kada ciki ya zare, yi ɗinki biyu: haɗa yadin fuskarsa tana waje ki taka kusa da baki, ki rage bakin, ki juya, ki sake takawa ta ciki yadda ɗinki na biyu zai rufe na farko. Yana cin lokaci, amma rigar za ta jure wankin dutse. In tsawo bai kai yadda kike so ba, ƙara faffaɗan ƙyallen atamfa a ƙasa, ki sa irinsa a bakin hannu, sai ya zama kamar da gangan aka yi.

Wando

Wandon babba yana ba da wandon yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 daga ƙafafunsa kawai. Ninke wandon yaron biyu, hantsa ta fito waje ɗaya, ki ɗora miƙaƙƙen gefensa a kan ɗinkin waje na ƙafar babban, ƙasa da ƙasa. Kin ga kalmasa da ɗinkin gefe sun zo miki a shirye. Zana, ki ƙara inci 2 a sama don ƙubaka, ki sa baya ya ɗara gaba tsawo da inci ɗaya, in ba haka ba yaro na tsugunawa wando zai zame. Ɗinke cikin kowace ƙafa, ki juya ɗaya ki zura ta cikin ɗayar fuska da fuska, ki bi hantsa sau biyu, don nan ne yake fara ɓarkewa. Roba ki yanka ta gaza ƙugun yaron da inci ɗaya ko biyu. Zariya ta fi roba daɗewa, amma yaron da ke koyon zuwa bayan gida da kansa roba ta fi masa.

In jins ne, canja allurar keke. Lamba 14 ta yadi ce, jins sai 16 ko 18. Inda ɗinki ya haɗu ya yi kauri, ki ɗan daddaka shi da guduma ya kwanta, ki cire ƙafa daga feda ki juya keken da hannu har ki wuce wurin.

Kayan manya

Nan aikin gyara ne, ba sai an wargaza ba. Ki sayi rigar da kafaɗarta ta yi miki daidai, domin kafaɗa ce ke da wuyar gyara, sauran jiki mai sauƙi ne. Don tsuke riga, saka ta a bai-bai, wata ta kama miki gefe da allurai, ki raba abin da za ki rage daidai tsakanin dama da hagu. Kada ki yanke rarar sai kin saka kin yi kwana ɗaya da ita, mai jego da mai ciki ma su bar ta a ciki gaba ɗaya, wata rana za a buɗa. Gajeren siket mai faɗi ana ƙara masa tsawo daga ƙasa da wani yadin mai nauyi irin nasa. In kika haɗa mai nauyi da shara-shara, ɗaya zai ja ɗaya.

Zanin gado babba shi ne yadi mafi arha a kasuwa. Kauce wa tsakiyar, gefunan su ne masu rai. Fari ko mai launi ɗaya yana yin jamfa da wando na yara maza, mai fure ya yi fatari, rigar barci ko shafin riga. In wuyan jamfa ya gagare ki, haɗa jikin a gida ki aika wa tela ya yi wuya da aljihu kawai, kuɗin bai kai na cikakken ɗinki ba.

Suwaita kuwa a bazara ake sayenta, lokacin da ba mai kallonta, a wanke a adana kafin hunturu. Hannayen babbar suwaita biyu su ne ƙafafun wandon jariri, bakin hannun mai roba ya zama bakin ƙafa, ƙasan jikin kuma ya ba da hular sanyi biyu ko uku. Sai dai saƙa ce, tana warwarewa. Kafin ki yanka, ki taka layi biyu na ɗinki kusa da juna a inda kika zana, ki sa almakashi ta wajen layin. Wajen haɗawa ki riƙa ɗan jan yadin yayin da keke ke tafiya, don zaren ya samu sarari, kada ya tsinke ranar farko da aka zura wa yaro.