Yadda ake zaɓen sifikar tsakiya don a ji magana tas a falo

Gidaje da yawa a Maradi yanzu akwai babbar tele a falo da sifiku ko ta ina, amma in ka zauna kallo tare da su za ka lura telekomand ba ya sauka daga hannun mai gida. In ƴan wasa suna magana a hankali ya ƙara, in mota ta fashe ko kiɗa ya taso ya rage da sauri don kar a tada ɗiya da maƙwabta, haka za a yi ta yi har fim ya ƙare. Galibi matsalar tana wurin ƴar doguwar sifikar nan da ke kwance ƙarƙashin tele wadda kowa ke rainawa, wato sifikar tsakiya. A tsarin 5.1, wanda Dolby Digital ta kai gidajen silima a 1992, akwai sifikar hagu da ta dama da ta tsakiya, da biyu na gefe, sai ta bas wadda ita ce ɗayan nan na bayan ɗigo. Masu haɗa sautin fim kusan duk maganar ƴan wasa a layin tsakiya suke zuba ta, ke nan in wannan sifika ta yi rauni to kana kallon baki yana motsi ne kawai kana cika sauran da hasashe. Ni a ganina ita ta fi cancanta a kashe ma kuɗɗi a duk cikin saitin, kuma da kunne ake sayenta.

Mataki na farko, kafin ka tahi kasuwa juya ampli ɗinka ka duba bayanshi. Nemi inda anka rubuta CENTER da ramuka biyu ja da baƙi. In babu, to ampli ɗinka na layi biyu ne, sifikar tsakiya ba ta da wurin shiga, kuma don Allah kar ka bari wani ya ce maka a murɗe wayarta tare da ta hagu ko ta dama, wahalar da ampli kawai za ka yi. In akwai, karanta abin da anka rubuta kusa da ramukan, za ka ga lamba da om, wato ma'aunin yadda sifika ke tare wutar da ampli ke aiko mata, misali 6 zuwa 16. Wannan lambar ka riƙe. Irin saitin nan da ke zuwa kwali guda na LG ko Samsung ko Sony da yawansu sifikunsu om 3 ne kuma da ƴan kawunan waya masu launi nasu na kansu, irin wannan in ka ɗauko ka jona ma babban ampli irin Yamaha ko Denon da ke son om 6 ko 8 zai ta ɗaukar zafi yana kashe kanshi, balle a watan Afrilu da Mayu da falo kanshi ya wuce digiri 40 in kuran ya yi wasa. Akasin haka kuma, sifikar om 8 a kan ƙaramin ampli na kwali ba ta ƙona komai amma muryarta za ta fito ƙasa-ƙasa.

Na biyu ka tabbata sautin tsakiyan yana isowa ma tukuna. In dekodarka da wayar nan ja da fara ka haɗa ta da ampli, layi biyu kaɗai ke wucewa. Sai HDMI ko wayar optik ko coaxial ta dijital ke iya ɗauko 5.1. Kuma mafi yawan abin da muke kallo, finafinan Hausa a YouTube, wa'azi, labaru, kokowa a Télé Sahel, duk sitiriyo ne, ba su da layin tsakiya nasu. A nan ampli ne ke tsamo maganar ya tura ta tsakiya, in ka sa shi a Dolby Pro Logic II ko Dolby Surround a sababbin. Mutane nawa sunka sayi sifika mai kyau suna cewa ta lalace alhali ampli na kan Stereo ne, bai ma aika mata komai ba.

Na uku, dangi. Sifikar tsakiya da ta hagu da ta dama ya kamata muryarsu ta zo iri guda, don in mutum yana tahiya daga wannan gefen allo zuwa wancan yana magana, sautin yana bi ta cikin ukun ne ɗaya bayan ɗaya, in ta tsakiya ta bambanta sai ka ji muryar ta sauya a rabin hanya. Saboda haka fara neman kamfani guda kuma jeri guda da na gabanka. In ba a samu ba, aƙalla ƴar ƙaramar sifikar nan mai siririn sauti, tuwita, ta zama irin tasu, in tasu ta ƙyalle ce mai laushi nemi ta ƙyalle, in ta ƙarfe ce nemi ta ƙarfe. Na gefe da ta bas ba sai sun zama dangi ba, waɗannan kunne na yahe musu.

To ga inda nake son ka tsaya sosai, don nan ne zamanmu ya bambanta da na waɗanda anka ƙera ma kayan. Su mutum biyu ko uku ne a kan doguwar kujera daidai gaban tele. Mu kuwa falo cike yake, mai gida a kujerar tsakiya, uwargida can gefe kusa da ƙofa tana leƙa tukunya, baƙi a kujerun jikin bango, yara a baje kan darduma gaban tele. Yawancin sifikun tsakiya da ke kasuwa ƙirarsu guda ce, babbar sifika a hagu, babba a dama, tuwita a tsakaninsu, duk a jere a kwance. Wanda ke zaune daidai gabanta sautin manyan biyun yana iso mishi lokaci guda, ya ji daɗi. Wanda ke gefe kuwa ɗaya ta fi kusa da kunnenshi, ɗaya ta fi nisa, sai sautin biyun ya riƙa cin juna a daidai inda muryar mutum take, maganar ta dushe kamar ana yinta daga cikin randa. Shi ya sa za ka ji mai gida na cewa ai ana ji sarai, uwargida na cewa me ya ce, kuma dukansu gaskiya suke faɗi.

Maganin wannan iri uku ne. Akwai sifikar tsakiya mai hawa uku, wadda a tsakiyarta tuwita na sama, wata matsakaiciyar sifika na ƙarƙashinta a tsaye, manyan biyu na gefe suna aikin ƙasa kawai, ita muryar daga wuri guda take fitowa, ta fi tsada amma ga falo mai faɗi ta cancanci kuɗinta. Akwai wadda tuwitar ke zaune cikin cibiyar babbar sifikar, irin ƙirar Uni-Q ta kamfanin KEF, ita ma tana watsa murya daidai ko ta ina. Na ukun shi ne mafi sauƙi kuma mutane ba su cika tunaninshi ba, in na gabanka ƙananan sifikun kanta ne, samo ɗaya irinsu sak ka tsayar da ita a tsaye ƙarƙashin tele in da wuri. Kar ka kwantar da ita don ta yi kyau a ido, a tsaye anka ƙera ta. In kuwa ku biyu ne kawai masu kallo kuma daidai gaban tele kuke zama, mai jeren kwancen ma ta isa, ajiye sauran kuɗɗinka.

Lambobin jikin kwali kada su ruɗe ka. Wat 3000 PMPO da ake bugawa da jan rubutu talla ce, RMS ake dubawa, wato ƙarfin da take ɗauka a kai a kai, kuma sifikar da ke ɗaukar wat 50 zuwa 100 RMS ta ishi falon gida. Lambar da ta fi amfani ita ce ta dB, wadda ke nuna ƙarar da sifika ke bayarwa da wat ɗaya daga nisan mita ɗaya. Kowane 3 dB ninkin ƙarfi ne, ke nan mai 89 rabin ƙarfin da mai 86 ke buƙata take nema kafin ta kai ƙara iri guda, in ampli ɗinka ƙarami ne wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai kuma inda take sauka a kaurin sauti, da Hz ake auna shi, ƙaramar lamba ita ce sauti mai kauri. Muryar namiji babba tana farawa daga wajen 85 Hz, don haka nemi sifikar da ke sauka zuwa 80 ko kusa da haka. Ƴan mitsi-mitsin nan masu girman sabulu da ke tsayawa a 150 ko 200 su ne ke maida muryar dattijo siririya ba ƙirji. Manyan sifikun cikinta su kai santimita 10 zuwa 13, ƙasa da haka ni ban ba ka shawara ba.

Auna wurin kafin ka hita. Faɗi, tsawo, zurfi, rubuta a waya. In sifikar na da ramin iska a baya tana son ɗan fili tsakaninta da bango, in cikin kabad za ta shiga nemi mai rami a gaba ko marar rami sam. Mai tsohuwar tele mai ƙeya kuma ya nemi wadda maganaɗisunta ke rufe, in ba haka ba launin allo zai ɓaci, tele mai faifai ba ruwanta da wannan.

A shago kuma, ko babbar kasuwa ka shiga ko wurin masu kayan okaziyon ko Kano ka tsallaka, ɗabi'ar mai saidawa guda ce, zai sa maka kiɗa mai nauyin bas ya murɗe har gilashi na rawa. Ce mishi, Alhaji don Allah a kashe bas ɗin a bar mini ita kaɗai. Ka zo da naka abin gwaji a waya ko kile, labarun rediyo da Hausa da muryar namiji da ta mace, da karatu ko wa'azin malamin da ka san muryarshi sarai. Sa a rage ƙara ƙasa-ƙasa yadda za ka yi kallo da dare, don kowace sifika tana burgewa in an ƙure ta, mai kyau ce kawai ke riƙe magana in an rage. Saurari s da sh da ts da ƙ, su fito a rarrabe ba tare da sun soki kunne ba. Sannan ka taka zuwa gefe, taku biyu ko uku, ka dawo, ka tsuguna kamar yaro a darduma. In muryar ta canza sosai ka san abin da mutanen gidanka za su ji ke nan.

In ta hannu ce cire ragar gaban ka duba da idonka. Zoben da ke zagaye da takardar sifikar in na soso ne taɓa shi a hankali, zafinmu na cinye soso, in ya fara marmashewa ko yana manne ma yatsa bar ta ko a rage maka kuɗin gyara, na roba ya fi jure ma garinmu. Sa yatsu ka ɗan danna takardar ciki daidai wa daida, ta shiga ta dawo shiru, in ka ji ƙarar gogayya bobin ta taɓa ƙonewa. Kara kunnenka a kan tuwita tana aiki ka tabbata tana fitar da siririn sautin, don tuwita ce ta fi mutuwa kuma a hayaniyar kasuwa ba a ganewa. Mai gyaran rediyo na iya sa mata mita, sifikar om 8 tana nuna wajen 6, hakan daidai ne. Ita sifikar ba ruwanta da kuran, amma in ampli za ka haɗa da ita juya ka karanta, namu 220 ne, na Amurka 120, na Japan 100, ka cusa shi kai tsaye shi ke nan ya tahi.

In ka kawo ta gida jawo ta har bakin tebur, kada ta zauna can ciki sautin yana dukan katako kafin ya iso. Tuwita ta kalli kunnen masu zama, in ta yi ƙasa ɗan ɗaga gabanta da guntun roba, in sama da tele take karkato ta ƙasa. Waya mai kauri 1.5 mm² ta isa tunda tazarar gajera ce, ja ga ja, baƙi ga baƙi, in ka juya su muryar za ta watse ka rasa daga inda take hitowa. A cikin menu sa ta a Small ko da kana ganinta babba, ka yanke mata a 80 Hz yadda kamfanin THX mai tsara ƙa'idojin sautin silima ya tsara, nauyin ƙasa ya koma ma ta bas ita ta ji da magana. Shigar da nisanta da wurin zamanka. In ampli ya zo da ɗan makirfon awo, YPAO a Yamaha, Audyssey a Denon da Marantz, MCACC a Pioneer, kashe fanka a yi shiru ka bar shi ya auna, bayan nan in kana so ƙara ma tsakiya 1 zuwa 3 dB. Falon siminti mai karo a ƙasa yana maido da sauti sosai, darduma mai kauri tsakaninka da tele da labule a taga suna gyara magana ƙwarai. Lokacin hunturu kuma bar ragar gaban a jikinta, in ba a kallo a yafa mata ƙyalle saboda ƙura, amma ampli kar a rufe shi yana kunne.